Bita da bulon LEGO: tsakanin satifiket da zauren masu sana'ar

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen horar da ma'aikata na wata ƙungiya mai zaman kanta. Kwanakin baya aka tura mu wani taron bita, sai mai jagorantar taron ya zube mana bulon LEGO na wasan yara a kan teburi, ya ce kowa ya gina yadda yake kallon aikinsa. Da farko raini na ɗauki abin, amma kafin la'asar na ji abokan aikina suna faɗin abubuwan da ba su taɓa furtawa a ofis ba. Ina so in koyi wannan sana'a. An ce mini akwai zauren da masu yin ta ke haɗuwa. Shin shiga zauren ya wadatar, ko sai na biya kuɗi na samu satifiket? Kuma kamfanin LEGO ne ke bayar da shi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, kina son sanin ta wace ƙofa ake shiga: ta kuɗi da takarda, ko ta zama da waɗanda suka riga ki. Bari in fara cire miki mai sauƙin. Kamfanin LEGO ba ya horar da masu jagorantar irin wannan bita, ba ya kuma ba kowa satifiket. Duk takardar da kika gani a hannun wani, daga wani mai horarwa ne ko wata ƙungiya mai cin gashin kanta. Sauran tambayar ita ce mai buƙatar zama, domin ba za ki gane amfanin zauren ba sai kin san yadda aka yi ragamar abin ta koma hannun masu yin sa.

Inda abin ya samo asali

Sunan tsarin LEGO Serious Play. A tsakiyar shekarun 1990, Kjeld Kirk Kristiansen, jikan wanda ya kafa kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak, shi ne ke riƙe da shugabanci. Wasannin bidiyo sun fara janye hankalin yara, kasuwa ta fara juya baya, har kamfanin ya tafka asara a 1998. Kjeld bai gamsu da yadda manyan ma'aikatansa ke zaman tsara makomar kamfani ba. Sai ya haɗu da wasu farfesoshi biyu na makarantar koyon kasuwanci ta IMD da ke Lausanne a Siwizalan, Johan Roos da Bart Victor, waɗanda su ma sun gaji da tarukan da ake cika allo da lambobi a tashi ba sabon tunani. Suka ce me zai hana manyan su gina dabarunsu da bulon da kamfanin ke sayarwa. Aka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Executive Discovery domin wannan aiki.

Gwajin farko bai ba da abin da ake nema ba. Zuba wa manya bulo a gabansu bai isa ya sa su yi magana ta gaskiya ba. Sai a 1999 aka jawo Robert Rasmussen daga sashen ilimi na LEGO, mutumin da ya san yadda ake koyo da hannu, shi ya tsara matakan da suka sa abin ya zauna. Per Kristiansen, wani mutum daban da Kjeld, ya shigo aikin daga baya. Da aka fara sayar da tsarin a farkon shekarun 2000, sai wanda ya biya kuɗin lasisi ke da damar amfani da shi.

A 2010 LEGO ya sauya shawara. Ya soke tsarin lasisi, ya fitar da ƙa'idojin asali a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar ɗauka ya yi aiki da su har ya sauya, muddin ya ambaci asali kuma ya bar nasa sauyin a buɗe. Kamfanin ya riƙe abu biyu: sayar da bulo da kare sunansa. Horarwa da kula da inganci kuwa, ya sakar wa masu sana'ar. Daga nan zauruka suka tashi. Marko Rillo, ɗan ƙasar Estoniya, ya kafa Serious Play Pro. Rasmussen da Per Kristiansen suka kafa Association of Master Trainers, wadda ɗalibanta ke taruwa a Billund duk shekara. Akwai SeriousWork a Birtaniya da Strategic Play a Kanada, kowa da salon koyarwarsa da takardarsa. Saboda haka in an ce miki "zauren", ki tambaya wanne, domin ba guda ba ne, kuma ba koyaushe suke ga maciji da juna ba a kan wane ne ke bin asali.

Abin da ake yi a teburin

A ido, tsarin ba shi da wuya. Jagora ya jefa tambaya, kowa ya gina amsarsa cikin 'yan mintuna, kowa ya ba da labarin abin da ya gina, sannan a tsaya a yi nazarin abin da aka ji. Haka za a yi ta zagayawa, daga ginin mutum ɗaya zuwa ginin haɗin gwiwa, zuwa shimfiɗa dukkan abubuwan da ke kewaye da ƙungiya a kan teburi a ɗaure su da igiya da sarƙa don a ga wane ke jan wane. Tushen tunanin daga Seymour Papert ne na jami'ar MIT, wanda ya yi aiki da Jean Piaget, masanin yadda yara ke koyo, a Geneva. Papert ya ce mutum ya fi gina ilimi a kansa idan yana gina wani abu a waje, abin da zai riƙe ya nuna wa wani.

Kafin a taɓa ainihin matsalar da ta tara mutane, ana ɗaukar kusan sa'a guda ana sabar musu da hannu. Sanannen atisaye shi ne na agwagwa: a ba kowa bulo shida iri ɗaya, huɗu rawaya biyu ja, a ce ya yi agwagwa cikin minti ɗaya. In an jera su, da wuya ki ga biyu sun zo ɗaya. Wani ya mayar da jan bulon baki, wani ƙafa, wani ya ɗora shi a ka kamar hula. A nan dattijon da ya shigo yana murtuke fuska ke sakin dariyar farko, a nan kuma kowa ke gane cewa ba a zo neman amsa ɗaya tilo ba.

Wahalar tana cikin dokoki biyu da ake faɗa cikin numfashi ɗaya amma riƙe su sai an ci wuya. Kowa sai ya gina kuma kowa sai ya yi magana. Sannan ma'anar gini ta mai ginin ce, kuma tambaya a kan ginin ake yin ta, ba a kan mutumin ba.

Ga yadda abin ke kasancewa. A wata bita da na jagoranta, na ce kowa ya gina abin da ke hana aikinsa tafiya. Mai kula da sito, mutum mai shiru-shiru da ke zaune a ƙarshen teburi, ya gina doguwar hasumiya, ya ɗora ɗan mutum-mutumi a samanta, ya kewaye gindinta da shinge, ya ajiye tsani a kwance nesa da ita. Tun kafin ya buɗe baki ɗakin ya yi tsit. Shugaban wurin ya gyara zama ya ce, "Wa kake nufi da na saman nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi ginin." Ya ɗan yi jim, sannan ya nuna wasu jajayen bulo da aka tara a bakin shingen ya ce, "To waɗannan fa?" Mai sito bai ɗago kai ba, ya sa yatsa a kansu ya ce takardun neman izinin sayen kaya ne, suna kwana da kwanaki suna jiran sa hannu, shi kuma a ce ya yi sakaci. Idonsa na kan bulo, idon shugaba na kan bulo, shi ya sa maganar ta fitu. Abin da jagora ya yi a cikin wannan daƙiƙa biyar, shi ne sana'ar. Takardar da LEGO ya saki a 2010 za ta gaya miki dokar, amma ba za ta koya miki yadda ake tare babban mutum a gaban yaransa ba tare da an kunyata shi ba.

Batun satifiket

Horon da manyan masu horarwa ke bayarwa yakan ɗauki kwana huɗu, kuma da kuɗin waje ake biya. Ba zan ce miki ɓarnar kuɗi ba ne. Wanda ya zauna aka bi da shi tsarin daga farko zuwa ƙarshe, ya gina da hannunsa, ya ji yadda tambaya mara kyau ke daskarar da mutum, ya fi wanda ya kalli bidiyo nesa ba kusa ba. Matakan ƙarshe musamman, na shimfiɗa tsari gaba ɗaya da gwada "idan kaza ya faru fa", ba na ba kowa shawarar ya koye su daga karatu kawai. Haka nan manyan ƙungiyoyi masu ba da kwangilar horarwa sukan nemi takarda kafin su saurare ki.

Sai dai ki san me takardar ke shaidawa. A mafi yawan lokuta tana nuna cewa kin halarci horo ne, ba ta nuna an ga aikinki a gaban mutane na gaske ba. Kafin ki biya, ki tambayi mai horarwar wa ya horar da shi, bita nawa yake jagoranta da kansa ban da koyarwa, mutum nawa ne a aji, kuma za a ba ki dama ki jagoranci zagaye a gyara miki ko kallo kawai za ki yi. Wanda ya ce miki takardarsa daga LEGO take, ki riƙe kuɗinki. Ke ma idan kin fara tallata aikinki, kamfanin yana da ƙa'idojin amfani da sunansa: ba a sa tambarinsa a takardar talla, ba a sa sunan LEGO a cikin sunan kamfani, ba a kuma nuna kamar shi ya aiko ki.

Idan kuɗin bai samu yanzu ba, wannan ba ya hana ki farawa. Lasisin ya ba ki dama. Ki tsaya a matakin ginin mutum ɗaya da ginin haɗin gwiwa, ki kuma faɗa wa mutane gaskiyar inda iliminki ya tsaya.

Abin da zaure ke yi wanda aji ba ya yi

A nan nake so in daɗe, don nan ne amsarki take. Jean Lave da Etienne Wenger, waɗanda suka yaɗa tunanin koyo a cikin jama'ar masu sana'a ɗaya a 1991, sun kafa hujja da teloli 'yan ƙabilar Vai da Gola a Laberiya. Yaron tela ba ya farawa da yanka yadi. Yana farawa da sa maɓalli da kalmasa da guga, wato ƙarshen aiki, inda kuskure ba ya jawo babbar asara. Daga nan ya hau keke, sai can daga baya a miƙa masa almakashi. Duk tsawon lokacin yana zaune a shago yana jin yadda maigida ke magana da masu kaya. Zauren masu bita da bulo, idan na kirki ne, wannan shagon ne.

Abu mafi daraja da za ki samu a ciki shi ne damar zama mataimakiya. Babban taro yana buƙatar jagora a kowane teburi, domin mutum ɗaya ba ya iya sauraron labarin mutum talatin. Ni a wurina teburi ya fi daɗi da mutum shida zuwa takwas. Don haka masu manyan ayyuka kullum suna neman hannu, kuma a zaure suke nema. Ki karɓa ko da aikinki rarraba jakunkunan bulo ne da duba agogo. Za ki ga lokacin da gwani ke yin shiru ya bar mutum ya nemo kalmarsa, da lokacin da yake katse mai dogon bayani ta hanyar cewa, "Nuna mana a jikin ginin."

Na biyu shi ne gyaran tambaya. Rabin nasarar bita tun a gida ake samun ta, wajen rubuta tambayoyi. "Gina matsalar ofishinmu" tambaya ce da za ta haifar da zargi da nuna yatsa. "Gina abin da ke rage maka ƙarfi a ranar aiki" ta fi, domin ta mayar da kowa ga abin da ya sani da kansa. A zaure mai rai, mutum kan kawo jerin tambayoyinsa kwana biyu kafin bita, a tsefe su, wani ya ce ta uku ta yi faɗi, wata ta ce ta biyar tana ɗauke da amsarta a ciki. Ga wanda zai jagoranta da Hausa akwai ƙarin aiki, don tambayar da aka tsara da Turanci ba a juye ta kai tsaye. Sai an sake gina ta, a gwada ta a kan mutum biyu uku a ji me suka fahimta. Zaurukan Turai ba za su yi miki wannan ba.

Akwai kuma abin da ba a cika so ba, wato a kalli aikinka a faɗa maka gaskiya. Wanzami ba ya son jarfa. Mu da muke sa mutane su buɗe cikinsu a gaban juna, mu ne kan gaba wajen ɓoye bitar da ta watse mana. Da wannan nake auna zaure: idan duk abin da ke yawo a ciki hotunan mutane ne suna murmushi a kan bulo da tallan kwas na gaba, kasuwa ce, ki ɗauki abin da za ki ɗauka ki wuce. Idan kika ji wani ya ce, "Jiya rabin mutanena sun ƙi taɓa bulon, me kuke gani ya jawo?" kuma aka amsa masa da tambayoyi maimakon wa'azi, ki zauna.

Ki kuma shiga da tankaɗe a hannu, don zaure yana yaɗa kuskure kamar yadda yake yaɗa ilimi. Za ki ji ana cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke da hannu. Kada ki maimaita. Abin da aka sani, tun daga taswirar da likitan ƙwaƙwalwa Wilder Penfield ya zana a Montreal, shi ne hannu yana cin babban fili a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi da taɓawa. Wannan daban, wancan adadi daban. Yawancin abin da aka rubuta kan nasarar tsarin ma rahotannin masu yin sa ne, kuma mai sayar da abu ba ya rasa yabonsa. Abin da zan tsaya a kai shi ne wanda ake gani da ido: kowa yana samun lokacin magana, kuma mai ƙaramin muƙami yana faɗin nasa kafin ya ji na shugaba, tunda ya riga ya gina.

Abin da za ki tarar a namu teburin

An ƙirƙiri tsarin a ƙasar da ma'aikaci ke kiran shugabansa da sunansa na yanka. A wurinmu ba haka ba ne, kuma wannan yana da sakamako. Mai siton da na ba ki labari zai koma ofis ɗaya da shugaban nan washegari, ni kuwa na tattara bulona na tafi. Shi ya sa ba na karɓar aiki sai na zauna da shugaba tukuna, na gaya masa cewa zai ji abin da ba zai so ba, na nemi alkawarin ba za a bi kowa da shi ba. In na ga yana son bitar ne don ya gano masu sukarsa, ko ya riga ya yanke hukunci yana neman a sa masa albarka, sai in ce masa wannan tsari bai dace da buƙatarsa ba. Haka idan sanarwa kawai za a yi ko koyar da cike fom, ba a buƙatar bulo.

Wasu mahalarta ba sa sakin jiki da 'yan mutum-mutumin da ke cikin kayan, saboda dalilin addini. Ba na jayayya. Nakan ware su a gefe, mai so ya ɗauka, wanda ba ya so ya sa bulo ɗaya ya ce wannan ni ne, kuma labarin ba ya raguwa da komai. Kalmar "wasa" ma nakan ajiye ta a farkon zama da manya, in ce za mu yi aiki da hannu. Su da kansu za su kira shi wasa idan sun sake. A wurin da mata ba sa sakewa a gaban maza, a fara da teburi daban, a haɗu wajen ginin haɗin gwiwa.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi, tunda a ƙungiya mai zaman kanta kike. Bulo yana buɗe abin da baki ya rufe, wani lokaci fiye da yadda aka nufa. Idan aikinku ya shafi 'yan gudun hijira ko waɗanda rikici ya taɓa, kada ki ce su gina gida ko abin da suka rasa, sai da ƙwararren mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin. Horon kwana huɗu bai mai da kowa likita ba, ni ma iyakata ke nan. Idan kuma yara ne ko malamansu a gabanki, tsarin da ya fi dacewa shi ne Six Bricks, wanda ƙungiyar Care for Education ta Afirka ta Kudu ta haɓaka tare da Gidauniyar LEGO, da manyan bulon DUPLO shida masu launi daban-daban. Shi ma yana da nasa masu horarwa da nasa zauruka, kada ki haɗa su.

Ta ina za ki fara

Ki nemi mutumin da ya jagoranci bitar da kika halarta, ki ce kina so ki taimaka masa a aikinsa na gaba. Ki karanta takardar 2010, kyauta take. Ki shiga ɗaya daga cikin manyan zaurukan, ki yi wata guda kina sauraro kafin ki ce uffan, don ki gane su wa ke aiki, su wa ke talla.

Sannan ki haɗa naki ƙarami a garinku, mutum huɗu ko biyar masu horarwa irinki, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata. Kowane zama mutum ɗaya ya jagoranci zagaye na minti arba'in, sauran su gina, daga baya a faɗa masa inda tambayarsa ta yi duhu da inda ya fassara wa wani gininsa. Ku yi yarjejeniya cewa sunan ƙungiyar da aka yi wa aiki da abin da mahalarta suka faɗa ba ya fita, kuma ba a ɗora hoton ginin kowa sai da izininsa.

Kayan aiki kada su tsayar da ku. LEGO yana sayar da jakunkuna na musamman, daga ƙaramar Window Exploration Bag zuwa Starter Kit da manyan akwatunan Identity and Landscape da Connections, amma kuɗin jirgi da na kwastan kan sa su yi tsada. Ku haɗa kuɗi ku sayi saiti ɗaya kuna karɓa-karɓa, ko ku bi masu gwanjon kayan wasan yara ku tsinto, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu a shanya a inuwa. Abin lura kawai, a atisayen farko kowa ya samu bulo iri ɗaya da adadi ɗaya, sai ku ƙirga ku ƙulla a leda tun daga gida. Ku nemi tsani, shinge, taya, taga da igiya fiye da bulo masu kyan launi, domin su ne mutane suka fi kai wa hannu idan aka zo maganar aiki. Idan kuɗin horo ya samu bayan wata shida ko shekara, ki je, a lokacin kina da tambayoyin da za ki yi wa mai horarwar.